Sanin Garke: Yawan Jama'a da Bukatun Lafiya a Karkarar Arewa Maso Yamma

Gabatarwa

Yawancin ɗaliban da suka gama wannan makaranta, aikinsu na fari a ƙauye ne. Kafin shekara ta zagayo, sabon fasto zai lura da wani abu da ba mu cika faɗa masa a aji ba: yawancin kaburburan da yake tsayawa a bakinsu gajeru ne. Zai kuma ga cewa jana'izar ba ta zuwa daidai wa daida cikin shekara. Akwai watannin da take yawa, akwai gidajen da take komawa sau biyu ko uku.

Abin da wannan darasi yake so ya nuna shi ne, ciwo da mutuwa a karkararmu suna da shekarun da suka fi kamawa, da lokacin da suke zuwa, da hanyar da suke bi. Wanda ya san yadda jama'arsa take, wato yara nawa, mata masu ciki nawa, tsofaffi nawa, su wa suka tafi ci-rani, zai iya hango bukatar lafiyarsu tun kafin ta zama kuka. Za mu ɗauki shiyyar Arewa maso Yamma ta Najeriya a matsayin misali, gama ana tura da yawa daga cikinmu can, kuma alƙalumanta sun fi na kowace shiyya nauyi.

Yankin da yawan mutanensa

Shiyyar ta ƙunshi jihohi bakwai: Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. A ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 140 a Najeriya, kimanin miliyan 36 daga ciki a wannan shiyya, wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ƙasar. Jihar Kano kaɗai ta ba da miliyan 9.4. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Idan aka ajiye manyan birane irin su Kano, Kaduna, Zariya da Sakkwato a gefe, sauran jama'ar manoma ne da makiyaya, a ƙauyuka da unguwanni da rugage.

Jama'ar da take ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara tana ninkuwa cikin shekara 23 ko 24. Ma'anar wannan a ƙasa ita ce, rijiyar da ta ishi ƙauye lokacin da aka yi wa fasto baftisma, a yau mutum biyu ne suke jiran gugan da mutum ɗaya yake jira a da. Haka gona, haka ɗakin shan magani, haka ajin firamare.

Alƙaluman da za mu yi amfani da su sun fito ne daga binciken yawan jama'a da lafiya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar gida-gida. Binciken da ya biyo baya, na 2023 zuwa 2024, ya nuna an ɗan samu sauƙi a ƙasa baki ɗaya, amma tazarar da ke tsakanin birni da ƙauye, da tsakanin kudu da arewa, tana nan.

Siffar jama'ar

Abu na fari, jama'ar yara ce. A 2018, kashi 46 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka kai 65 kuwa kimanin kashi 4 ne. Idan aka jera mutane bisa ga shekaru, siffar kamar tsibin dawa take a masussuka: faɗi a ƙasa, tsini a sama. Duk wanda ya kwatanta yawan yaran makarantar Lahadi da na dattawan da ke kujerun gaba ya riga ya ga wannan da idonsa.

Abu na biyu, haihuwa tana da yawa, tana kuma farawa da wuri. Matsakaicin haihuwar mace ɗaya a ƙasar 5.3 ne, a Arewa maso Yamma 6.6, a jihar Katsina 7.3, a Legas kuwa 3.4. A wannan shiyya, kusan 'yan mata uku cikin goma masu shekara 15 zuwa 19 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari.

Abu na uku, ƙauyen rani dabam yake da ƙauyen damina. Da an gama kaka, samari da magidanta da yawa sai su tafi ci-rani, a bar mata da yara da tsofaffi. Wannan yana da nasaba da lafiya kai tsaye, domin a gidaje da yawa mace ba ta zuwa asibiti sai da izinin miji da kuɗinsa. Idan yana Legas ko Fatakwal, wa zai ba da izinin? A 'yan shekarun nan kuma hare-haren 'yan bindiga a sassan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna sun tashi ƙauyuka, sun sa ma'aikatan lafiya barin wuraren aikinsu, sun kuma mai da tafiyar dare abin tsoro, alhali naƙuda ba ta zaɓar lokaci.

Ƙauye mai mutum dubu

Miliyoyi ba sa zama a kai, don haka bari mu rage lissafin zuwa ƙauye mai mutum 1,000. Masu tsara aikin lafiya a Najeriya suna da ma'aunin da suke amfani da shi: kashi 20 cikin 100 na jama'a yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kashi 22 mata ne masu shekarun haihuwa, kashi 5 masu ciki, kashi 4 jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Ƙauyenmu ke nan yana da ƙananan yara 200, mata masu shekarun haihuwa 220, da haihuwa wajen 40 a kowace shekara.

Likitoci suna lissafin cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na masu ciki za su gamu da matsalar da ke bukatar ƙwararre, kuma yawanci ba a iya sanin ko wacece tun da wuri. A ƙauyenmu, mata bakwai ko takwas ke nan a shekara. Binciken 2018 ya nuna cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Arewa maso Yamma, 187 ba sa kai shekara biyar. A Kudu maso Yamma adadin 62 ne, a jihar Kebbi kuwa 252. Idan muka ɗora 187 a kan haihuwa 40, yara bakwai ke nan daga cikin na kowace shekara. Waɗannan su ne gajerun kaburburan da muka ambata. Bambancin 187 da 62 kuma yana gaya mana cewa yawancinsu da ana iya tsare su.

Uwa da haihuwa

A ƙasa baki ɗaya, binciken ya ƙiyasta mata 512 suna mutuwa a kan kowace haihuwa 100,000. Abubuwan da suke kashe su sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga wadda hawan jini na ciki ke kawowa, doguwar naƙuda, da zazzaɓin da ke biyo bayan shigar ƙwayoyin cuta. Kowannensu yana da magani idan an kai mace a kan lokaci. Amma a wannan shiyya kashi 16 cikin 100 na haihuwa ne kawai ake yi a asibiti.

Masana sun kasa jinkirin da ke kashe mata kashi uku. Na fari jinkirin yanke shawara a gida: ana jira a ga ko za ta sauka, ana ba ta jiƙo, ana jiran maigida. A cikin fari ma kunya takan hana yarinya faɗin cewa naƙuda ta fara. Na biyu jinkirin hanya: babu mota, babu kuɗin mai, rafi ya kawo. Na uku jinkirin asibiti: an isa, amma babu ungozoma da dare, ko babu jini. Zubar jini mai tsanani yana iya kashe mace cikin awa biyu. Jinkiri na uku aikin hukuma ne, sai dai mu yi ta kira. Na fari da na biyu kuwa suna hannun iyali da al'umma, kuma a nan ne maganar shugaban ikkilisiya take da tasiri.

Wadda ta tsira daga doguwar naƙuda takan fito da yoyon fitsari, sau da yawa kuma jaririn bai rayu ba. Irin waɗannan mata sukan daina zuwa sujada saboda wari, wasu mazansu su sake su. Ya kamata kowane fasto ya sani cewa ana gyara wannan ciwo da tiyata, a cibiyar Babbar Ruga da ke Katsina da kuma cibiyar Evangel da ke Jos, da wasu wurare. Matar da ta ɓace daga zumuntar mata bayan haihuwa mai wuya, a aika matar fasto ta duba ta.

Akwai al'adun jego da suke bukatar magana cikin hikima. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gado mai zafi suna da alaƙa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego a wannan yanki. Mai jego da ƙafafunta suka kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta, asibiti take bukata a ranar. Akwai kuma al'adar da ta dace a riƙe. Iyayenmu sun ƙi kwanika, suna so a yaye yaro kafin wani ciki ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ke nan: a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin sabon ciki. Ikkilisiyoyinmu suna da ra'ayoyi dabam-dabam a kan hanyoyin tazarar haihuwa, amma a kan hutun uwa kanta babu gardama.

Yaro daga haihuwa zuwa shekara biyar

Watan fari shi ne mafi haɗari. Cikin yara 132 da ke mutuwa kafin shekara biyar a kowane 1,000 a ƙasar, 39 a cikin kwana 28 na fari suke tafiya. Abubuwan da ke tsare jariri ba su da tsada: a yanke cibi da sabuwar reza, kada a shafa masa toka ko wani abu sai maganin da asibiti ya bayar, a ɗumama shi a jikin uwa, a sa shi a nono nan da nan. Dakashi, wato nonon fari mai kauri da ake matsewa a zubar a wasu gidaje, shi ne rigakafinsa na farko. Nono zalla, ba ruwa ba jiƙo, ya ishe shi har wata shida.

Bayan watan fari, manyan masu kisa uku ne: zazzaɓin cizon sauro, gudawa, da ciwon haƙarƙari mai sa yaro numfashi da sauri. A ƙarƙashinsu duka akwai tamowa. Binciken 2018 ya samu kashi 57 cikin 100 na ƙananan yaran shiyyar sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 37 ne. Abin mamaki, wannan ƙasar gero ce da wake da gyaɗa da waken suya. Matsalar sau da yawa tana wajen yaye: ana ba yaro koko tsararo wanda ke cika ciki ba ya gina jiki, ana sayar da wake da ƙwai a kasuwa. Yaron da tamowa ta raunana, gudawar da ɗan'uwansa zai warke daga ita cikin kwana uku ita ce za ta ɗauke shi.

Allurar rigakafi ma haka. Yaro ɗaya cikin biyar ne kawai a shiyyar ya samu dukan alluran farko. Da yawa sukan karɓi ta ranar haihuwa su tsaya, ba su koma ta mako 6, 10 da 14 ba, balle ta ƙyanda a wata tara. Mun ga abin da naci yake yi: a watan Agusta 2020 aka tabbatar Najeriya da Afirka sun rabu da cutar shan inna ta asali, kuma sarakuna da malaman addini suna cikin waɗanda suka sa iyaye suka buɗe ƙofa.

Kalandar cututtuka

Manomi ya san abin da kowane wata ke kawowa a gona. Haka ya kamata mu san abin da yake kawowa a jiki.

Damina, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin zazzaɓin cizon sauro ne. A jihar Kebbi, gwajin jini a 2018 ya samu ƙwayar cutar a jikin fiye da rabin ƙananan yara. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar maganin kariya sau ɗaya a wata a cikin damina, kuma ana rabawa gida-gida a jihohin nan. A Disamba 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin a Kebbi da Bayelsa. Damina kuma ita ce lokacin da rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa, uwa tana gona, hanya ta lalace, ruwan sama yana wanke bayan gida zuwa rijiya. Shi ya sa tamowa da amai da gudawa suke haɗuwa da zazzaɓi a watanni guda. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, akasarinsu a arewa.

Hunturu yana zuwa da tari da ciwon haƙarƙari, da ƙunar wuta ga yaran da ke jin ɗumi. Daga ƙarshen hunturu zuwa bazara kuma lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. Dattawa suna tuna 1996, shekarar da sanƙarau ya kama fiye da mutum 100,000 ya kashe fiye da 11,000. Zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya a watan Maris, a kai asibiti kafin a kira taron addu'a, sa'an nan a yi addu'ar a can.

Tsofaffi da ciwon da ba ya ihu

Tsofaffi kaɗan ne a lissafi, amma su ne ake bari a gida idan matasa sun tafi. Hawan jini ba ya ba da alama sai ranar da ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ko sammu. Yanar ido tana makantar da mutanen da ɗan gajeren aikin tiyata zai buɗe musu ido. Tarin da ya wuce mako biyu yana bukatar gwajin tarin fuka, wanda maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai amosanin jini, wato sikila: kusan yaro ɗaya cikin biyar a ƙasar yana ɗauke da irinta ba tare da ciwo ba, kuma idan irin waɗannan biyu suka yi aure, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu. Gwajin jini kafin aure yana da amfani ne idan an yi shi tun kafin a kai kayan gaisuwa. Idan aka bari sai mako biyu kafin biki, an sa fasto da iyalai biyu a tsaka mai wuya.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Asibitin Wusasa kusa da Zariya ya fito ne daga aikin mishan, haka kuma a shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya ta Kano, Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato. A Garkida, cikin shekarun 1970, an horar da mutanen ƙauye su koyar da lafiya ta hanyar labari, aka ga marasa karatun boko suna riƙe darasin suna kai wa wasu. Fasto ba likita ba ne, kuma kada ya mai da kansa likita. Amma akwai abubuwa huɗu da babu wanda ya fi shi damar yi.

Na fari, ya ƙidaya. Wasu suna jin tsoron ƙidaya saboda labarin Dawuda, amma laifin can girmankai ne. Littafin Ƙidaya kansa lissafin jama'a ne domin a tsara tafiyarsu. Littafin rubutu guda ya isa: kowane gida, masu ciki da watan haihuwarsu, jarirai da alluransu, tsofaffin da ke zaune su kaɗai. A littafin jana'iza kuma a ƙara shekarun mamaci, da wata, da alamun ciwon. Bayan shekara biyu, littafin zai nuna wa dattawa abin da ke cin garken.

Na biyu, ya yi magana da maza. Izini da kuɗi suna hannunsu. Magidancin da zai tafi ci-rani ya bar mai ciki, ya ba da izinin asibiti a gaban shaidu tun kafin ya tafi, ya bar kuɗin mota a hannun amintacce.

Na uku, ya shirya hanya. A san mai mota ko mai babur ɗin da za a tasa da dare, a ajiye lambarsa, a keɓe ɗan asusu daga baikon kaka wanda ba a taɓa shi sai don wannan. A san kuma asibitin da ke yin tiyatar haihuwa da ƙarin jini, domin kada a ɓata awa biyu a inda za a ce a wuce gaba. Samari masu lafiya su san rukunin jininsu.

Na huɗu, ya zauna da maƙwabta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin lafiya a matakin farko, kuma tsarin ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa da zai sa ido a kan asibitin yankin. A yawancin ƙauyukan shiyyar nan masu bi 'yan kaɗan ne, amma rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, sauro ɗaya ke cizon 'ya'yanmu. Faston da ya je wurin mai unguwa da liman da maganar gyaran rijiya ko ranar rigakafi, da wuya a ƙi sauraronsa. Motar da ta kai matar dattijon ikkilisiya asibiti, ita ce za ta kai matar maƙwabci.

Muna koya wa ɗalibai yadda ake ta'azantar da iyayen da suka rasa ɗa, kuma dole mu ci gaba da koyarwa, gama ba kowane rai za a tsare ba. Kada kuma mu ɗora wa uwa mai makoki laifi a bakin kabari. Amma idan makoki ya wuce, wajibi ne dattawa su zauna su tambaya: a wane mataki aka yi jinkiri, me za mu gyara kafin damina mai zuwa?

Tambayoyi domin nazari

1. Ka ƙiyasta yawan mutanen ƙauyen da ka fito ko kake aiki. Bisa ga ma'aunin da aka bayar, ƙananan yara nawa ne, haihuwa nawa ake sa rai a shekara?

2. Ka tuna mutuwar mace ɗaya wajen haihuwa da ka sani, ba tare da ambaton suna ba. Wanne daga cikin jinkiri uku ne ya fi aukuwa?

3. Waɗanne al'adun jego da na renon jariri ne a yankinka suka cancanci a riƙe, waɗanne ne ke bukatar gyara? Wa ya fi dacewa ya ɗauki maganar zuwa ga tsofaffin mata?

4. Ka tsara kalandar shekara ɗaya ta sanarwar lafiya bayan sujada, wata-wata, daidai da lokacin kowace cuta.